Na Je Amurka Binciken Asali

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Kulu, ya Amurka?" Na ba mutum biyu labari a nan unguwar Mansur ta Makka, kafin ya kai unguwar Hindawiyya an ce wai na mari Bature. Ban mari kowa ba. Shi ya sa na zaunar da ɗiyata Hauwa ta rubuta daga bakina, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a daina ƙara mini gishiri.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Autana Usman, da ya yi shekara shida can yana karatun haɗa magunguna, shi ya bugo waya ya ce ya ga matar aure. Baƙar fata ce 'yar ƙasar, Musulma, sunanta Latifa. Na ce 'yar gidan wa ce? Kakanninta daga ina suka fito? Ya ce, "Ummi, abin da wuyar bayani." Alhaji Sale, ƙanin marigayi mahaifinsa, wanda shi zai karɓa masa auren, ya ce ba ya sa hannu inda ba a san asali ba, sai dai in je in gani da idona, abin da na dawo da shi a kansa za a tsaya. Ban ga laifinsa ba. Kakana Malam Habu da ƙafa ya baro ƙasar Kano lokacin da Nasara suka shigo, ya yi noma a Sudan, ya ƙetare ruwa ya iso garin nan, kuma ina iya jera muku sunayen iyayensa har na bakwai. Ban taɓa aurar da ɗa ko ɗiya ba sai na san wa ya haifi wa. Usman ya ce in na ce a'a ba zai yi ba. Na san ɗana. Ba zai yi ba, kuma ba zai dawo Makka ba.

A Jidda wurin neman biza, wata mata ta tambaye ni ta bayan gilashi me zan je yi. Na ce zan je duba wata yarinya. Tafinta ya rage murya ya ce, "Ya Hajja, ki ce ziyarar ɗanki." Na ce ya faɗa mata duka biyun, duka gaskiya ne. Suka ba ni.

Jirgi kuwa ba abin da ya dame ni a cikinsa sai rana. Na haɗa azahar da la'asar a zaune, na riƙe carbi ina jiran magariba, rana ta ƙi faɗuwa. In ɗaga labulen taga in gan ta nan tsaye inda na bar ta. Na kira yarinyar da ke raba abinci na ce agogonsu lafiya kuwa? Ta ce ai bin ranar muke yi. Na ce to ku bari ta wuce mana.

Da muka sauka, kare ne ya fara tarbata. Wani ɗan gajere mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mai jiran rabonsa. Aka kai ni gefe, ma'aikaci ya sa safar hannu ya fara fito da kaya. Shekara ashirin da wani abu na yi ina dafa wa alhazai abinci a Mina, na san masu tsaron shinge, na san wanda ake roƙo da wanda roƙo ke ƙara wa taurin kai. Wannan na biyun ne, sai na zuba masa ido. Kilishin da Hajiya Indo ta sa aka kawo wa Usman tun daga Maraɗi ya tafi kwandon shara. Da ya buɗe ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sunsuna ya rufe ido. Aka haɗa ni da mai jin Larabci a waya, na ce kayan miya ne, ba nama a ciki. Suka mayar mini da sauri, har da taya ni ɗaurewa.

Usman ya rame. Gidansa a birnin Filadelfiya yake, hawa na uku, ƙasan ɗakin katako ne, in maƙwabcinka na sama ya tashi shan ruwa kai ma ka sani. Ba buta a banɗaki, sai abin ban ruwan furanni ya saya mini. Burodinsu kamar auduga, ka matse shi ya koma ƙwallo. Nama sai mun shiga mota mun je shagon wani mutumin Mali. Mutane kuma kowa ya haɗa ido da kai sai ya yi maka murmushi ya wuce. Ni da na ga murmushi sai in tsaya don a gaisa, in waiwaya in ga ƙeyarsa. A kasuwa na ga wasu Turawa masu gemu ba gashin baki, matansu da dogayen riguna da 'yar hula fara, suna sayar da cuku da ƙwai. Usman ya ce wata jama'a ce da ta ƙi zamani, ba sa tuƙa mota, ba lantarki a gidajensu, da keken doki suke yawo. Na ce su ne suka fi kowa kamala a garin. Ku riƙe wannan, don shi ya jefa ni a abin da ya faru.

Latifa a wata jiha take aiki, tafiyar awa biyar, an shirya za ta zo gaishe ni ranar Asabar. Kafin nan Usman ya ce bari ya kai ni ziyara. Su ma suna da wuraren ziyararsu, da layi, da mai yi wa baƙi jagora kamar muɗawwif, sanye da hula mai faɗi kamar faifai. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ba sa turereniya. Akwai wata ƙatuwar ƙararrawa fasasshiya da suke girmamawa, mutum ɗari a wurin amma ba wanda ya taka mini ƙafa. Na ce da a bakin Hajarul Aswad ne da tuni an rabu da takalma.

Daga nan muka shiga wani ɗaki mai tebura da koren ƙyalle. Jagoran yana magana, Usman yana juya mini. Ashe su ma Ingilishi ne ya mulke su. Ƙasashe goma sha uku ne a bakin teku, duk a ƙarƙashin sarkin Ingila. Ya riƙa ɗora musu haraji ba tare da shawararsu ba, har a kan ganyen shayi, sai wasu suka hau jiragen ruwa suka zubar da shayin a teku. Na ce wannan almubazzaranci ne, amma na gane zafin. A ɗakin nan manyansu suka sa hannu a takarda cewa sun fita daga hannun sarki, aka yi yaƙi shekaru, suka yi nasara. Bayan sun kori baƙo kuma sai rigima ta koma tsakaninsu, kowace ƙasa da kuɗinta da son ranta, har suka sake taruwa a ɗakin, cikin zafi, suka rufe tagogi don kada a ji su, suka tsara yadda za su zama gwamnati ɗaya. Janar ɗin da ya ja yaƙin shi suka naɗa shugaba, ya yi shekara takwas ya ce ya isa, ya koma gonarsa. Na sa Usman ya sake tambaya ko ciwo ne ya kama shi. Aka ce lafiyarsa ƙalau. Na jinjina wa mutumin. Na ce kakana gudu ya yi ya bar wa Ingilishi ƙasa, waɗannan tsayawa suka yi.

A hanyar fita na ga wani zane na janar ɗin, a gefensa baƙin mutum riƙe da linzamin doki. Kowa janar yake kallo. Na ce wannan fa, wane ne? Usman ya ce bawansa ne. Ya ce a takardar sun rubuta cewa duk mutane daidai aka halicce su, amma da yawa cikin masu sa hannun suna da bayi a gida, waɗanda aka kwaso daga ƙasashenmu a jiragen ruwa. Da aka zo rabon kujerun majalisa ma, bayi biyar a matsayin mutum uku aka ƙirga su. Sannan ya ce, "Ummi, Latifa jikar waɗannan ce."

Ba zan ɓoye muku ba, ban ji daɗin kalmar bawa ba. Kun san abin da ake cewa a gidajenmu in an ji wannan kalma, kun san yadda ake janye tabarma a hankali. Ni ma na taɓa janyewa.

Na ce ba zan jira Asabar ba, gobe za mu same ta a wurin aiki. Haka muke yi, ba a sanar da yarinya ranar da za a zo dubanta. Usman ya ce akwai abin da ya kamata ya bayyana mini game da aikin nata. Na ce ka ce gidan tarihi ne, na ji, sauran idona zai gaya mini. Na karɓe wayarsa na sa a jakata don kada ya tsegunta mata.

Hanya shimfiɗaɗɗiya, itatuwa dama da hagu har ido ya gaji. Mun tsaya a wani wurin hutawa na shimfiɗa sallaya a kan ciyawa. Ina cikin salla wani ƙaton direban babbar mota, hannunsa duk zane, ya taho zai wuce ta gabana, sai ya ja ya tsaya riƙe da kofinsa har na sallame. Ban san wa ya koya masa ba. Allah Ya shirye shi.

Garin da muka isa ba mota a cikinsa, a waje ake barinta. Dawakai, kekunan doki, maza da farin gashin kanti da wando iya gwiwa, maƙeri yana ta bugun ƙarfe. Na ce a raina, 'yan'uwan masu cukun nan ne, nan ne garinsu. Usman ya nuna mini wani babban gidan jan bulo ya ce a ɗakin girkin da ke bayansa take, in zauna a benci ya samo mini ruwa mu shiga tare. Yana juya baya na tashi.

Na gane ta don na ga hotonta. Amma a hoto da gilashin ido take da mayafi mai kyau. A nan kuwa wata riga ce a jikinta mai kaushi kamar buhu, da tsumman ɗankwali, tana durƙushe gaban murhun itace, gumi yana zuba, tana jan tukunyar ƙarfe da ni da Hauwa ba za mu iya ɗagawa ba. Turawa kusan ashirin sun tsaya bayan igiya suna kallonta suna ɗaukar hoto. Sai ga wani ya shigo da farin gashin nan da sanda, ya buga sandar a tebur, ya yi mata magana da tsawa. Ta sunkuyar da kai ta amsa a hankali.

Ba na jin Turanci, amma na san wannan sunkuyawar. Na gan ta a garin nan wurin 'yan aikin gida da kafil, maigidan da ya kawo su, ya riƙe musu jawaz, wato fasfo, ba fita, ba albashi, ba mai tambaya. Biyu daga cikinsu sun taɓa kwana a ɗakina. Ban san lokacin da na ɗaga igiyar na shiga ba. Na kama wuyan hannunta na mayar da ita bayana, na ɗauki muciya daga kan tebur na nuna shi da ita. Na ce, "Ittaƙillah! Kai ne kafil ɗin? Ina jawaz ɗinta? Fito da shi yanzu!" Na faɗa da Larabci na maimaita da Hausa. Muciyar ba ta taɓa shi ba, Allah ne shaida.

Sai masu kallo suka hau tafi. Mutumin ya yi jajir, ya tuɓe gashin ya riƙe a ƙirji, ashe mai sanƙo ne, yana ta maimaita kalma ɗaya yana ja da baya. Yarinyar ta leƙo fuskata, ta dubi abayata, ta ce, "Assalamu alaikum. Ummu Usman?" Daidai nan Usman ya faɗo da gudu, robar ruwa a hannu, yana cewa, "Ummi, wasa ne! Tamsiliyya ce, wallahi!"

Ashe garin duka kwaikwayo ne na yadda aka zauna zamanin mulkin Ingilishi. Da yamma kowa tuɓe kayan yake ya shiga motarsa. Latifa malamar tarihi ce mai digiri biyu, tana fitowa a matsayin wata kuyanga da ta yi girki a gidan da gaske. Mai sandar kuwa a ƙarƙashinta yake, ita ta koya masa yadda zai yi tsawar. Kunya ta kama ni, amma ban saki hannunta ba. Na ce Usman ya tambaye ta, mace 'ya mai 'yanci, me zai sa ta sa tsumman bauta ta tsaya ana kallonta? Ta ce shekaru da yawa baƙi suna zuwa su ga falo da gadon maigida su tafi, ba mai leƙa bayan gida. Ta ce, "In ban tsaya a nan ba, za su koma suna zaton abincin da kansa ya dafu."

Bayan an sallami mutane na duba tukwanen. Shinkafa da wake a ɗaya, kuɓewa a ɗaya, a buɗe. Na ɗauki murfi zan rufe don in gwada ta, ta tare hannuna, ta ce kakarta ta hana rufe kuɓewa. Mu ma haka muke yi, amma ban nuna mata ba. Kuɓewa ba asali ba ce, kuma ba ita Alhaji Sale ya aiko ni nema ba.

Na ce ta jera mini iyayenta. Ta ce in biyo ta. Muka wuce cocin garin, inda kaburburan Turawa suke da manyan duwatsu, kowanne da suna da na ubansa. Muka bi wata 'yar hanya zuwa cikin itatuwa, inda ƙananan duwatsu suke warwatse cikin ganye, ba rubutu ko ɗaya. Mu ma a maƙabartar Ma'ala ba a rubuta suna, ni kaina ba zan iya nuna muku daidai inda Malam Habu yake kwance ba. Amma mu mun bar suna ne don kowa daidai yake a gaban Allah. Waɗannan hana su aka yi.

A nan ta fara ƙirgawa da yatsu. Mahaifinta Yusuf, direban bas da ya yi ritaya, wanda ya musulunta tun kafin a haife ta. Mahaifinsa. Uwar wannan. Uwar uwar. A yatsa na biyar ta ce Bina, ta tsaya, ta ƙara 'yan kalmomi kaɗan. Usman ya juya mini ya ce, "Ta ce daga Bina ba a san na gaba ba, amma ana kyautata zaton daga ƙasar Hausa aka kawo su, wajen Kano, kuma gidan malamai ne."

Na dube shi. Na ce, "Auta, maganarta taƙi ɗaya ce, taka ta kai kamu uku. Mayar mata da abin da ka gaya mini, kalma da kalma, ina kallon bakinka."

Ya yi ta inda-inda, ya faɗa mata. Na ga fuskarta ta canza. Ta yi masa magana gajeriya mai zafi, sannan ta juyo gare ni, ta haɗa da ɗan Larabcinta don kada a sake yi mata ƙari. Ta ce, "La, ya Ummi. Ma adri." Ba ta sani ba. Ta ce gaskiya ne cikin waɗanda aka kawo akwai Musulmi, har da masu rubutun Larabci, amma ba ta da shaidar cewa nata suna ciki. Ta ce ta san abin da aka aiko ni nema, ta san ba ta da shi, kuma ba za ta ari kakan wani ba ko da auren zai fasu.

Da ta yi shiru ta bar maganar Usman ta wuce, da na dawo na ce wa Alhaji Sale Bakanuwa ce jikar malamai, da an gama. Ta san haka sarai.

Na zauna a kan wani kututture don ƙafafuna sun gaji. Abin da ya zo mini shi ne Gambo, ƙanwar Malam Habu. Ba na sa ta a lissafi in ina jera muku kakanni. Tana 'yar shekara tara aka sace ta a hanyar nan ta zuwa Makka, kusa da bakin ruwa, lokacin da ake ɗauke 'ya'yan alhazai a sayar. Har Malam Habu ya rasu yana ambatonta. In ta rayu ta haihu, jikokinta suna wani gida yau, ba su san Kano ba, ba su san kowa ba kafin ita, wataƙila an janye musu tabarma a inda suka je neman aure. Kuma jinina ne. Na ɗaga hannu na yi wa na cikin ƙasan addu'a, na ce Allah Ya san nasa a cikinsu. Sannan na ce wa Usman hukuncin ƙaryarsa yana nan sai mun koma gida, yanzu ya tambaye ta yaushe zan ga mahaifinta.

Na gan shi kafin in taho. Dattijo ne mai 'yar furfura, ya soya mini kifi da garin masara, ya ƙi zama sai da na fara ci.

Kwana biyu da dawowata Alhaji Sale ya zo. Ya ce, "To Yaya, 'yar gidan wa ce?" Na ce 'yar Yusuf ce, jikar Bina. Ya ce wace Bina? Na ce wadda aka sato. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su zo su yi a gabana, ina gida kullum bayan la'asar. Na ba shi labarin yadda aka miƙa mata ƙarya a hannu ta ƙi karɓa, na ce a cikin surukaina huɗu masu kakanni bakwai-bakwai ya nuna mini wadda zai rantse za ta ƙi. Bai nuna ba. Ya ce a fara neman takardar izinin auren baƙuwa daga hukuma.

Saura abu ɗaya, kuma ku ya shafa. Mahaifiyar Latifa ta rasu, gwaggonninta Kirista ne, ba za su iya shigowa Makka ba. Mahaifinta kaɗai zai zo, kuma ba zan yarda a kawo amarya gidana ba mace ko ɗaya a bayanta. Saboda haka na raba ku. Hajiya Indo da mutanen layinta suna wajena, dangin ango. Daga masallacin kwana zuwa ƙarshen layin masu abinci kuwa dangin amarya ne, ku za ku yi mata lalle, ku za ku rako ta, ku za ta kawo wa ƙara in Usman ya ɓata mata. Hajiya Rabi, ke ce uwa. Ki zo ranar Alhamis ki faɗa mini abin da kuke nema a wurinmu, kuma kada ki sassauta mini don muna ƙawaye. 'Yarki ba ta da arha.